Saƙon da Ya Kira Baba da Sunansa

"Ɗantani, ka zo ka karɓi maganinka."

Saƙon ke nan da asibiti ya tura wa mahaifin Safinatu, dattijon da duk Lambara ba mai kiransa sai da Malam.

"Suna tsirara, ɗiyata!" in ji Inno, mahaifiyarta, ta waya. "Maniru yak karanta shi ƙofar masallaci, yac ce aikin Mijinyawa na, shi ko yaron ya amsa laifin. Babanku ya ce a maida musu goronsu!"

Wayar ta mutu.

Safinatu ta zauna a ɗakinta na malaman makaranta a Dingyaɗi, ita kaɗai, ba mai ce mata sannu.

Shekarar ce da man fetur ya gagari talaka. Mijinyawa, wanda za ta aura, na aikin lafiya a Shagari, wata huɗu bai taka babur ya zo ba. Abin da ya haɗa su shi ya rage musu: wani rumbun manhaja na kyauta, wanda kowa a duniya ke iya sa hannu ya gyara. Su biyu ke koya masa Hausa, yadda zai jera sunaye, ya rubuta kwanan wata, ya yi wa mutum magana. Da shi asibitin ke tura saƙo.

Shi kuwa Maniru, ɗan baffanta, tun da ta ƙi shi yake neman irin wannan rana, ga ta kuwa ta zo masa har gida.

Ta kira Mijinyawa.

"Mi yas sa ka amsa laifin? Ni na rubuta layin nan! Tsarin Turawa na kwafa, suna sannan saƙo..."

"Na sani, hasken idona."

"To?"

"Gara shi yi fushi da baƙo, da shi yi fushi da ɗiyarsa."

Ta yi kuka har ta gode Allah.

Kwana tara tana gyara, tana cajin waya a shagon bakin kasuwa. Ta koya wa rumbun cewa Bahaushe na da laƙabi, kuma in ba a san laƙabin babba ba, a gaishe shi kawai, a bar sunan.

Ranar Juma'a ta hau motar albasa zuwa Lambara, ta durƙusa nesa da tabarmar mahaifinta.

"Baba, Allah shi ba ka haƙuri. Hannuna yay yi, ba nasa ba."

Malam ya ɗago ya dube ta.

"Shi ko yab bari nika zaginsa kwana da kwanaki?"

"Don kada ka zage ni, Baba."

Ta tura saƙon gwaji, wayarsa ta yi ƙara. Ta karanta masa: "Assalamu alaikum, Malam. Maganinku ya iso."

Tsohon ya share ido da bakin rawani.

"Ki ce mishi goronsa na nan. Ba wanda yat taɓa shi."

Da za a karɓi gyaran, masu kula da rumbun suka nemi sunayen waɗanda suka yi aikin. Ta rubuta nata tsaf. Da ta zo kan nasa sai yatsunta suka ƙi, kunya ta rufe ta, irin wadda ke hana mace kiran sunan mijinta. Ta bar gurbin fayau.

Can sai ga saƙonsa.

"Gimbiya, kin mance sunana?"

Ta rufe fuska da mayafi, ko da yake ba kowa a ɗakin.

"Ban mance ba... daga yau dai na bar faɗinsa."