Takardar da Aka Sace wa Mahbuba

Rana ta take a Goronyo, irin ranar bazara da kaji ke neman gindin randa, amma Mahbuba tana durƙushe a rumfar Baffanta Attahiru tana tsintar albasa, mai kyau gefe, ruɓaɓɓiya gefe. Tun bayan sallar asuba take wurin. Fatar yatsunta ta tsattsage, yajin albasa yana shiga yana cin ta, idanunta suna zubar da ruwa har ita kanta ba ta iya rabe na albasa da na zuci... Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinta Sale, manomin albasa a Taloka, mahaifiyarta kuwa ko fuskarta ba ta sani ba. Baffa ya ɗauko ta da sunan riƙo, ya bar ta ta ƙarasa sakandare, amma tun ranar da ta rubuta jarrabawar ƙarshe ta koma 'yar aikin rumfa. Surayya, 'yar Baffan kuma sa'arta, tana can ɗaki tana danna waya.

A wannan hali Malam Abdulƙadiri ya same ta, tsohon malaminsu na aikin gona. Ya kafe babur ɗinsa, ya miƙa mata wata sanarwa. Wata ƙungiya ce mai tallafa wa manoman albasa, ofishinta a Wurno, tana neman matashi ɗaya da zai riƙa zagaya ƙauyuka yana tattara bayanai. In ya yi shekara yana aiki da kyau, za ta ɗauki nauyin karatunsa na jami'a. Abin da ake bukata shi ne sakamakon jarrabawa, da shaidar malami, da takarda shafi ɗaya da Turanci wadda mutum zai faɗi dalilin da ya sa ya dace.

Kwana biyu bayan haka ta kai masa abin da ta rubuta. Ya karanta, ya girgiza kai.

"Mahbuba, nan kin ce ke marainiya ta, mai ladabi da ƙwazo, a taimaka miki don Allah. Mutum ɗari za su rubuta ladabi da ƙwazo. Sake duba sanarwar, mi sunka ce suna nema?"

"Wanda ya san matsalar manoma, Malam."

"To hwaɗa musu abin da kinka sani. Mi kinka taɓa yi da hannunki, wanda in an tambaye ki za ki iya bayani ba da kame-kame ba?"

A hankali ta ba shi labarin rumbun albasar mahaifinta. Shekarar da rabin albasarsu ta ruɓe, ita ce ta lura ɓarnar daga ƙasa take farawa, inda iska ba ta kai. Ita da mahaifinta suka ɗaga gindin rumbun da itace, suka shimfiɗa kara, suka bar ƙofofin iska ta ɓangare biyu, suka daina zuba albasa sai wuyanta ya bushe sarai a inuwa. A shekarar da ta biyo baya, albasarsu ta kai har damina, maƙwabta suka riƙa zuwa kallo. A wannan daminar ce kuma zazzaɓi ya ɗauke mahaifin nata.

"Wanga shi na takardarki," in ji Malam. "Rubuta shi yadda kinka hwaɗa min, kada ki ƙara gishiri. Ki ƙare da abin da ki ka son koyowa jami'a, da amfanin da zai yi ma mutanenku."

Sau biyar ta sake rubutun. Malam yana soke kalmomin da ta ɗauko don burgewa, yana gyara mata inda Turancin ya karkace, har takardar ta tsaya tsaf a shafi ɗaya. Saura bugawa. Babban ɗan Baffa, Faruk, yana da shagon buga takardu a bakin kasuwa, don haka ta kai masa da hannu biyu da zuciya ɗaya.

"Yaya Faruk, don Allah ka buga min, ka aika musu ta kwamfuta. Jumma'a za a ruhe."

Ya karanta yana taɓe baki, ya sake karantawa, wannan karon bai taɓe ba. "Bar ta nan, ki tahi," ya ce.

Abin da Mahbuba ba ta sani ba shi ne, a ranar Faruk ya buga takardar da sunan ƙanwarsa Surayya, ya canza "mahaifina" zuwa "ƙanen mahaifina", ya aika. Ta Mahbuba kuwa sai ranar ƙarshe ya tura, kalma da kalma iri ɗaya.

Bayan mako uku aka kira su Wurno su biyun. Shugabar ofishin, Hajiya Lami, mace mai tsare gida da farin tabarau, ta ajiye takardu biyu a kan tebur ta ce ɗaya daga cikinsu ta kwafi ta ɗaya. Faruk, wanda ya rako su, ya rantse ya kuma rantsewa cewa Surayya ce ta zauna a shagonsa ta rubuta, kuma ya sha kama Mahbuba tana leƙen kwamfutarsa. Ya nuna ranakun da aka aika kowace. Mahbuba ta matso kusa da teburin ta ce:

"Hajiya, wallahi ni nir rubuta... rumbun babana na... ku tambayi Malam Abdulƙadiri."

Aka buga wayar Malam, ba ta shiga. Ashe kwana huɗu kafin nan ya yi hatsari da babur a hanyar Rabah, yana kwance a asibiti a Sakkwato, ko magana ba ya iyawa sosai. Takardun da ta rubuta da hannu kuwa, duk ta bar su a shagon Faruk, shi kuma ya ce bai taɓa ganin su ba. Hajiya Lami ta dube ta da takaici ta ce ƙungiyar ba ta aiki da mai satar rubutu, kuma ba za a sake karɓar takardarta ba. Aka ba Surayya aikin.

Kafin su iso gida labari ya riga su. Baffa Attahiru yana zaune a zaure, ko sallamarta bai amsa ba.

"Na ciyar da ke, na tuhwatar da ke, sakayyar ke nan? Ki ƙwace ma ɗiyata abincinta da ƙarya? Tattara kayanki ki koma Taloka wurin tsohuwa. Ba ni riƙon ɓarauniya."

Ta durƙusa ta kama ƙafarsa tana kuka, ya janye. Surayya tana tsaye a bakin ɗaki, ta kasa ɗaga ido ta dube ta. Haka Mahbuba ta fito da ƙunshin kaya ɗaya, mata suna leƙowa ta katanga, wasu na cewa ai shiru-shirun nan nata dama ba na Allah ba ne.

A Taloka kakarta Tani ta karɓe ta, tsohuwa mai ciwon gwiwa da ke zaune ita kaɗai a gidan marigayi Sale. Mahbuba ta faɗa jikinta ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza.

"Kaka, sunana sunka ɓata... ko aikin ban samu ba, da sun bar min sunana."

"Yi shiru, ɗiyan nan," in ji tsohuwar tana shafa bayanta. "Allah shina gani, kuma ba shi mantuwa. Tashi ki wanke huska ki yi salla."

Watannin da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya ci gonar geron da suka dogara da ita, bangon ɗakin Kaka ya zube gefe guda. Ƙawayen Mahbuba na makaranta suka daina gaishe ta a rijiya. Ta nemi aikin koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi, mai makarantar ya ce ya ji labarinta. Duk da haka ba ta zauna ba. Da rani ya kama aka fara noman fadama, ta roƙi maƙwabta iri, ta dasa albasa a ɗan filin mahaifinta, ta gyara tsohon rumbun da hannunta. Da azahar, in ta dawo, sai ta buɗe littattafanta tana bitar jarrabawar shiga jami'a, alhali ba ta san wanda zai kai ta ba. Kullum in ta idar da salla addu'arta guda ce: "Ya Allah, Ka wanke ni."

Da aka cire albasa, ƙungiyar ta shirya taron manoma a Taloka kan yadda ake adana amfani. Hajiya Lami ta tuna da takardar nan mai kyau, ta ce Surayya ce za ta yi bayani, tunda ita ta san aikin. Aka taru a gindin wata bishiyar tsamiya, maza gefe, mata gefe. Mahbuba ba ta je ba, tana gida tana dama wa Kaka fura.

Surayya ta miƙe da takarda a hannu tana karantawa, gumi yana keto mata. Wani dattijo mai suna Halliru, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da ta marigayi Sale, ya ɗaga hannu.

"Yarinya, ƙohohin iskan nan, wane gehe za su duba?"

"Ko... ko'ina, Baba."

"To wuyan albasa hwa, ya za mu gane ya bushe?"

Ta duba takardar gaba da baya, amsar ba ta ciki. Ta ce a shanya ta a rana sosai. Manoman suka kwashe da surutu, don kowa ya san rana tana dafa albasa. Dattijo Halliru ya juya wajen Hajiya Lami.

"Hajiya, ki gahwarce ni. Wanga aiki da ta ka karantawa, mun san shi. Sale da ɗiyatai Mahbuba sunka yi shi, gaban idona. Wagga yarinya ko sau guda ban taɓa ganin ta bakin rumbun ba. Rumbun yana nan, mai shi ma tana nan."

Hajiya Lami ta cire tabaraunta a hankali. Ta ce a kai ta.

Suka tarar da Mahbuba da ludayi a hannu. Ganin Hajiya ya tsorata Mahbuba, ta zaci wani sabon laifin aka zo da shi. Amma Hajiya ta ce kawai ta nuna mata rumbun. Mahbuba ta shiga gaba, ta nuna itacen da ya ɗaga gindin, ta nuna ƙofofin da ke fuskantar inda iska ke fitowa, ta ɗauko albasa ta murza wuyanta a tsakanin yatsu ya yi ƙara kamar busasshen ganye. Tana bayani tsoron yana barin ta, har ta faɗi kuskuren da suka yi da farko da yadda suka gyara, abin da ba ya ma cikin takardar.

Surayya ce ta fara fashewa da kuka. A gaban manoma da mata ta faɗi komai: yadda Faruk ya kawo mata takardar, yadda ya ƙona rubutun hannun Mahbuba a bayan shago, yadda ya ce in ta tona shi ba ita ba shi.

Hajiya Lami ta kama hannun Mahbuba, idanunta sun ciko. "Ɗiyata, na yanke miki hukunci ban bincika ba. Ki yahe min."

Mahbuba ta durƙushe a wurin ta kai goshinta ƙasa, kafaɗunta suna girgiza, Kaka Tani kuwa daga bakin ƙofa sai faɗi take, "Alhamdu lillahi... Alhamdu lillahi..."

Aka sallami Surayya daga aiki a makon, aka ba Mahbuba gurbinta. Da ƙungiyar ta bincika, sai ta gano ba Mahbuba kaɗai Faruk ya yi wa haka ba, ya daɗe yana ɗaukar rubutun wani ya manna wa wani. Magana ta kai gaban hukuma, aka rufe shagon, iyayen yaran da ya cuta suka yi masa ca, har zaman Goronyo ya gagare shi. Baffa Attahiru ya zo Taloka da kansa, ya zauna a ƙasa gaban mahaifiyarsa da 'yar ƙanensa, rawaninsa a kwance, ya nemi gafara yana hawaye. Mahbuba ta ce ta yafe, amma ta zaɓi ta ci gaba da zama da Kaka.

Ta yi shekara tana zagaya Tursa da Taloka da ƙauyukan bakin gulbi da fom a hannu, manoma suna kiran ta ɗiyar Sale mai rumbu. Malam Abdulƙadiri ya warke, yana tafiya da sanda, kuma shi ya zauna da ita suka cike neman gurbin jami'a, ya rubuta mata shaidar da ya ce ya daɗe bai rubuta irinta da daɗin rai ba.

Ranar da takardar karɓa ta fito, an ba ta gurbin karatun aikin gona a Sakkwato, Mahbuba ta shigo gida da gudu ta miƙa wa Kaka. Tsohuwar ta goge hannunta a zane, ta karɓa, ta riƙe ta a juye, don ba ta taɓa karatun boko ba. Ta daɗe tana kallon baƙaƙen.

"An sa sunan ubanki ciki?"

"An sa, Kaka. Mahbuba Sale."

"Gwada min inda shi ke."

Mahbuba ta juya takardar daidai, ta kama yatsan kakarta ta ɗora a kan haruffa huɗun. Tsohuwar ta bar yatsan a wurin, tana shafawa a hankali, hawaye suna bin tamojin fuskarta, bakinta yana murmushi.

"Sale," ta ce, "ga ka jami'a."