Irin da Aka Binne

Matar Auta tana shara a tsakar gida sa'ad da surukarta, Inna, ta leƙa rumbu ta ga babu irin shuka. Ba ta tambaye ta a ɗaka ba, kamar yadda mai hankali zai yi. A gaban matan gida da maƙwabta ta ce yarinyar ta kwashe iri ta kai gidan ubanta.

Ga gaskiyar magana, a kuma riƙe ta da kyau. Auta ya tafi birni neman aiki tun rani. Yayansa ya riƙe shanun huɗa, ya ce sai an gama gonarsa. Yarinyar ta ga idan ta jira, damina za ta wuce su, sai ta ɗauki sungumi ta yi binne ita kaɗai, ta zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Ta faɗa musu haka. Yaya ya yi dariya, ya ce wa ya taɓa ganin 'yar lelen uba da sungumi. Gonar nan ba nisa gare ta ba, amma ba wanda ya taka ya duba!

Inna ta buga wa Auta waya. Daga ranar ya daina ɗaukar kiran matarsa. Ta kan kai wayarta caji, ta dawo ta ajiye ta kan tabarma tana kallo. A gida aka daina amsa gaisuwarta, ko faifai ba a ara mata. Kullum da sassafe tana gona tana korar zabi kada su tone ramukan. Sama fayau, ba hadari. A gindin bishiya take kukanta, ta share fuska kafin ta shigo gari.

Da Auta ya dawo, ɗakin Inna ya fara shiga. Ya fito fuska a ɗaure, ya ce wa matarsa ta haɗa kayanta.

"Zan haɗa," in ji ta. "Amma ka raka ni gonarka tukuna. Ko ɓarawo ana nuna masa abin da ya sata."

Suka tafi, yana gaba tana baya. Ya durƙusa ya tona da yatsa, sai ga iri. Ya matsa layi na gaba, ga iri. Har ƙarshen gona. Da ya ɗago, idonsa ya faɗa kan tafin hannunta, duk kanta da tsagewa. Sai hawaye suka zubo masa.

"Ka yarda da ni yanzu da ƙasa ta ba da shaida," ta ce. "Da ka ɗauki waya, da na faɗa maka."

Inna ta so a rufe zancen da "a yi haƙuri, ya wuce". Auta ya durƙusa gabanta da ladabi.

"Inna, a tsakar gida aka kira ta ɓarauniya. A tsakar gida za a wanke ta. Ni zan fara."

Aka tara matan nan da maƙwabta. Auta ya nemi gafarar matarsa, Inna ta janye maganarta da bakinta, Yaya ma ya yi, kai a sunkuye. Da ruwan farko ya sauka, gonarta ce ta fara yin kore, Yaya bai ko ɗaura wa shanu garma ba.

Haƙuri yana da lada, gaskiya ne. Amma kada ya zama zanen rufa laifin manya. Wanda ya zubar da mutuncin wani a gaban jama'a, a gaban jama'a zai tsince shi ya mayar.