Amanar da Salkan Ya Bari a Rumfa

Rana ta faɗa bayan duwatsun garin Travnik, Fehim bai fito daga rumfa ba. Kwana tara ke nan yana fama da motar ƙanensa Salkan, wata 'yar ƙarama mai launin ruwan ƙwai, injinta a baya. Shekara talatin tana rufe, tun safiyar da Salkan ya kulle ta ya bi mazan ƙauye zuwa yaƙi. Bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Fehim bai taɓa yarda an yi masa salla ba, kuma duk wanda ya tambaya, sai ya ce tafiya ya yi. Yanzu Mubera, 'yar Fehim, za ta yi aure, ta ce ita a motar baffanta za a kai ta.

Fehim ya shekara arba'in yana kanikanci. Ya sa sabon batir, ya canza fulogi, ya kwance kafireta ya wanke ta tas, ya zubar da tsohon mai ya zuba sabo. Wuta na zuwa, mai na zuwa. Amma in ya murɗa makulli, injin ya juya, ya juya, sai ya ɗauke kamar an rufe masa baki da tafin hannu.

Matarsa Zumreta ta leƙo. "Tsoho, gahawarka ta huce sau biyu. Ko da ita za a ɗaura maka aure ne?"

"Ke dai bari," ya ce, bai ɗago ba. "Lafiyarta ƙalau. Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Ladan na fara kiran magariba, dutse ya faɗo a kan rufin rumfar. Sai na biyu. Sai na uku, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Fehim ya zagaya da fitila, babu kowa. Ya ɗauki ɗaya, sumul, a jiƙe, irin na bakin kogi, ga shi kogin na can ƙasan kwari.

Washegari da magariba hon ɗin motar ya yi kuka sau ɗaya, alhali batir ɗin na ajiye a ƙasa. Rana ta uku aka nemi Mubera aka rasa. Uwarta ce ta same ta zaune a kujerar bayan motar, hannuwa a kan gwiwa, ido a buɗe ba ƙiftawa.

"Ku rufe ƙofar nan," in ji wata murya ta tsohuwa daga bakin yarinyar. "Kuna sa wa yara sanyi."

Maza biyu suka kasa ɗaga ta. Kwana ɗaya da yini ba ta ci ba, ba ta motsa ba.

Sai aka ɗauko Hoja Edhem, dattijon malamin da ke ƙauyen gaba. Ya iso bayan la'asar, ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya yi ta karatu har haske ya fara janyewa daga rumfar. Jikin Mubera ya ɗauki rawa.

"Wace ce ke?" ya tambaya.

"Mai gadi."

"Wa ya sa ki?"

"Mai motar. Ranar da zai tafi ya dafa ta, ya ce, ku kula min da ita har in dawo. Ba kowa a rumfar sai mu. Muka amsa. Malam, ka taɓa ganin ƙarfe ya shekara talatin a wannan damshin bai yi tsatsa ba?"

Fehim ya dubi motar. Bai taɓa tambayar kansa wannan ba.

"To yarinyar fa, me ta yi miki?"

"Za a fitar da amana saboda ita. In motar ta fita, ita ta zauna."

"Ba ki da iko da ita. Mai amanar ya riga mu gidan gaskiya, kaya ya koma hannun magada."

Muryar ta yi wata busasshiyar dariya. "Ya mutu? Wa ya ce? Shekara talatin muna jin wansa yana cewa tafiya ya yi. In ya mutu, ya faɗa da bakinsa, mu sauke nauyi. Mu ma mun gaji."

Hoja ya juya ya dubi Fehim. Zumreta ta kama hannun rigarsa. "Fehim, 'yarka."

Fehim ya dubi leɓen Mubera da ya bushe ya tsage. Sannan ya dafa motar.

"Salkan ya rasu," ya ce. "Ƙanena ya rasu. Allah ya jiƙansa."

Da muryar ta dawo, ta yi ƙasa sosai. "To a ba mu kujerar baya. A kanta na haifi 'ya'yana."

"Za a kai miki bakin kogi," in ji Hoja. "Ki rantse ba ke ba gidan nan."

Ta rantse. Mubera ta yi atishawa sau uku, ta zube a jikin uwarta, ta ce da muryarta, "Mama, ƙishirwa."

Da safe Fehim ya kwance kujerar, ya saɓa a kafaɗa, ya sauka da ita kwari ya ajiye a gindin wata bishiya. Bai waiwaya ba. Da ya dawo ya mayar da batir, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Ya zauna a ciki injin na aiki, ya kifa goshi a kan sitiyari, har Zumreta ta zo ta kashe.

Ranar Juma'a ya tuƙa ta zuwa masallaci. Bayan an idar, liman ya sanar da sallar gawa ga Salkan, babu makara a gaba. Tsofaffin ƙauye suka miƙe suka daidaita sahu, Fehim ya tsaya a na farko.