Daƙiƙa Ashirin a Bayan Allo

Ranar da Arko ya fara ganin Titir a kulob ɗin kartar birij na unguwarmu a Kolkata, tsiya ya sha.

"Kai, karta ka riƙe ko mafici? Kowa na ganin hannunka," in ji ta.

Ya rufe kartar yana murmushi kamar wawa. Kafin damina biyu sun zama abokan wasa a tawagar matasa ta ƙasa, shi kuma ya raɗa mata suna Tsuntsuwata.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, tsohon alƙali Sengupta, ya ƙi. "Ban yarda da yaron da aikinsa ɓoye abin da ke hannunsa ba."

Sai Sourish, wanda Titir ta ƙi a tebur ta kuma ƙi a gida, ya rubuta wa alƙalan gasar duniya cewa masoyan nan suna yi wa juna ishara. In ta tabbata, kora ce da tambarin maguɗi har abada. Aka kafa kyamara a saman teburinsu. Tsohon ya biyo jirgi ya zauna cikin 'yan kallo, fuska a murtuke.

Da safe saƙonta ya shigo: "Baba ya ce in aka same mu da laifi kar ka sake taka layinmu. Arko, ko shayi na kasa sha."

"Sha shayinki, Tsuntsuwata. Ba mu yi komai ba."

Shi ma dai bai taɓa nasa ba.

A birij allo ne ke raba abokan wasa, tayinsu a faranti yake wucewa ta ƙasa. Doka ta hana ka amfana da jinkirin abokinka. A rabon ƙarshe farantin ya tsaya wajen Titir daƙiƙa ashirin. Arko ya san ta, ba ta jinkiri sai hannunta ya cika. Ƙarin tayi ɗaya, kofin gasar nasu ne.

Ya ajiye katin wucewa, bai ƙara tayi ba. Kofi ya tafi.

"Ka kashe mu!" Titir ta ce cikin kuka. 'Yan tawaga suka juya masa baya.

Alƙalai suka duba hoton suka wanke su. A bakin ƙofa Sengupta ya tare shi.

"Ka san abin da ke hannunta?"

"Na sani, Kaku," ya amsa, wato kawu a harshenmu.

"To me ya hana ka?"

"Ba ta halastacciyar hanya na sani ba."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Ka ce wa iyayenka ina jiransu ran Lahadi."

Ranar biki aka ɗauko amarya a kan kujerar katako, ta rufe fuska da ganyen fan biyu, irin wanda ake taunawa, kamar yadda al'adarmu take. Aka ce ta sauke, ta ƙi. Muka ƙirga mata, daƙiƙa ashirin cif.

"Wannan karon ka san me ke nan?" ta raɗa wa Arko.

"Na sani, kuma yau ba mai hana ni."

Ta sauke ganyen, mata suka rangaɗa guɗa. Sengupta ya dafa kawunansu ya sa albarka.