Akwai Mai Wannan Lambar?

Aikin awa biyu ne ya kai ni Kurfi ranar wata Laraba cikin damina, shi ya sa na bar Batula a gida. Watanta biyar a lokacin, ba ta san komai ba sai nono. Na ba ta ta ƙoshi bayan azahar, na miƙa wa mahaifiyata Dada, na ce kafin magariba ina Dutsin-Ma. Dada ta dubi hadarin da ke haɗuwa ta gabas ta ce, "Ke da injinanki, Mardiya, awa biyunku ba irin ta mutane ba ce." Na yi dariya na ɗauki jaka. A lokacin kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Idan netwok ya gagari maza a garin nan ni ake nema, kuma ina jin daɗin hakan har cikin raina.

Wata sabuwar cibiya ce ta rubuta jarrabawa da kwamfuta, a bayan gari, inda gonakin gero suka fara. Kwamfuta sittin a babban zaure, sai wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda inda aka ajiye rauta mai raba netwok, da saba uwar kwamfutocin, da batura. Babu kowa a wurin sai maigadi, Malam Lado, dattijo mai farin gemu wanda ba ya barin abu ya wuce shi bai tambaya ba. Ya bi ni har bakin ɗakin yana riƙe da butarsa.

"Injiniya, yau kuma mi za a yi musu?"

Na yi masa bayani yadda nake yi wa Dada. Kowace kwamfuta sai da adireshi kafin ta yi magana da 'yar'uwarta. A tsohon tsari lambobin kaɗan ne, ana raba su da lissafi. A sabon, wanda ake kira IPv6, fili ba ya ƙarewa. Rauta ce za ta riƙa shela kamar mai unguwa: ga sunan unguwa, duk wanda ya ji ya zaɓi lambar gidansa da kansa. Sai dai kafin na'ura ta zauna a lambar da ta zaɓa, takan tambaya sau ɗaya: akwai mai wannan lambar? Idan aka yi shiru, ta zama tata. Idan wani ya amsa, dole ta janye ta kama bakinta.

Malam Lado ya daɗe yana shafa gemu.

"To in wanda ba ki gayyata ba ya ji shelar fa?"

"Sai wanda aka soka wa wayar netwok a jikinsa ke ji, Baba."

"Uhm. Nan dai tsohon zango ne. Ayari daga arewa nan suke sauka tun zamanin kakana, kuma ba duk wanda ya sauka ne ya tashi ba. A zango ba a cewa kowa ya zo ya zauna, ɗiyata. Sai ka san wa kake ba masauki."

Na ce masa na gode, cikin irin muryar da ake yi wa tsofaffi idan ana so su tafi. Ya tafi.

Ɗakin bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Babu taga. Ƙofarsa ta ƙarfe ce mai maganaɗisu, kuma wanda ya haɗa ta, Allah ya shirye shi, ya bi da komai ta netwok, har maɓallin buɗewa na ciki. Sai ɗan akwatin da ke sarrafa ƙofar ya yi magana da saba kafin ta saki. Na san da haka. Shi ya sa na tokare ta da kujerar roba kafin in zauna a ƙasa da laftof a cinya.

Ƙarfe biyar da rabi na kashe tsohon tsarin. Na kunna shela.

Daga nan aikina kallo ne kawai. Na buɗe allon da ke nuna maganganun da ke wucewa a waya. Kwamfuta ta farko ta zaɓi lambarta ta tambaya. Kafin in ƙifta ido amsa ta fito: akwai mai ita. Ta janye. Ta biyu ta tambaya, aka amsa mata haka. Ta uku. Ta goma. Na tsuke baki. Lambobin nan sun fi yashin dam ɗin Zobe yawa, ko shekara dubu za a yi da wuya biyu su yi karo. Ga shi sittin sun tambaya, sittin an ce musu da mai shi.

Saba ta tambaya. Akwai mai ita.

Akwatin ƙofa ya tambaya. Akwai mai ita.

Daidai nan iskar hadari ta shigo barandar da ƙarfi. Kujerar ta zame. Ƙofar ta rufe da wata ƙara da na ji har cikin haƙorana, maganaɗisun ya kama, ƙas.

Na tashi na danna maɓalli. Shiru. Na sake dannawa, na tura da kafaɗa. Ko motsi. Na ciro wayar hannu, babu sandar sabis ko ɗaya, dama ɗakin nan ba ya shigar da sabis. Ruwa ya sauko a kan kwano kamar ana zuba tsakuwa. Na buga ƙofa na kira Malam Lado har tafin hannuna ya yi zafi, ni kaina da ƙyar nake jin muryata.

Na yi ta maza na koma ƙasa. Na ce wa kaina wata lalatacciyar na'ura ce ke amsa wa kowa, an taɓa jin irin haka. Maganinta a zare ta. Na fara zare wayoyin daga jikin akwatin da ke haɗa su, ɗaya bayan ɗaya, fitilunsu suna mutuwa. Na zare duka, ban bar ko ɗaya ba sai ta laftof ɗina.

Fitila biyu ke ci.

Ɗaya tawa. Ɗayar a rami na ashirin da huɗu, wanda babu waya a cikinsa. Na sa yatsa na taɓa ramin. Fanko ne, kuma sanyi ƙalau. Fitilar tana ƙiftawa a hankali, kamar numfashin mai barci.

Sai warin ya zo. Ba warin batir ba, na san wannan. Hayaƙin kashin shanu ne, da jiƙaƙƙen buhu, da warin jikin mutanen da suka kwana biyu a hanya. A ɗakin da babu taga.

Laftof ɗina ya zaɓi sabuwar lamba ya tambaya. Wannan karon ba a allo kaɗai amsar ta fito ba. Daga bayan baturan, ƙasa-ƙasa, wani abu ya ce:

"Tawa ce."

Na ja baya har na jingina da ƙofa. Na fara Ayatul Kursiyyu, na kai tsakiya na rasa inda nake, na koma farko. Ɗakin ya cika. Ban ga kowa ba, amma na san yadda mota ke yi idan an cusa mutum takwas a mazaunin biyar, haka iskar ta koma. Ana motsi kusa da gwiwata. Ana sauke kaya. Wani ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya daɗe yana tafiya ya samu wuri.

Agogon allo ya nuna shida da kwata. Ƙirjina ya yi nauyi, nono ya kawo, na ji rigata tana jiƙewa. Lokacin shanta ya yi, kuma na san yadda take kuka idan ta ji yunwa, har sai ta shiɗe. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Wayyo Allah, Batula."

Motsin ya tsaya cak.

Wannan karon a gefen kunnena ne, har na ji sanyin numfashin.

"Tawa ce."

Fitilar rami na ashirin da huɗu ta mutu.

Ruwan ya ɗan tsagaita. Na ji takun Malam Lado a baranda, silifas ɗinsa na jan ƙasa. Ya tsaya nesa kaɗan ya ɗaga murya.

"Injiniya, kin gama? Zan kulle."

Na buɗe baki. Kafin sauti ya fito, daga can waje, a barandar, na ji an ce:

"Na gama, Baba. Sai da safe."

Muryata ce. Har da 'yar dariyar da nake yi a ƙarshen magana.

Na ji takun takalmana suna nisa.

Na yi ihu. Na san na yi, domin maƙogwarona ya tsage. Na daki ƙofar da hannu, da ƙafa, da goshi. Malam Lado yana nan taku biyar daga gare ni, ina jin ƙarar makullansa, bai ko juyo ba. An riga an amsa da sunana. Ni ce ta biyu, wadda dole ta kama bakinta.

Ya kulle babbar ƙofa ya tafi.

Nan idona ya raina fata. Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba. Amma tunanin abin da ke kan hanyar gidanmu da fuskata ya fi tsoron ɗakin ƙarfi, shi ya ɗaga ni. Batirin laftof saura kashi tara.

Na mayar da wayar rauta, na shiga cikinta na janye shelar. Na mayar da wa'adinta sifili, ma'ana unguwar ta tashi, duk wanda ya zauna ya kwashe kayansa. Ɗakin ya ɗauki gunaguni, ƙasa-ƙasa, muryoyi da yawa. Wani abu ya ja bakin mayafina.

Ban waiga ba.

Na rubuta wa saba lamba da hannuna. Na hana ta tambaya. Na yi kuskure sau biyu.

Kashi biyar.

Na ɓalle murfin akwatin ƙofa da makullin mota, na soka waya. Na rubuta masa tasa lambar. Shi ma na hana shi tambaya. Ba neman izini, ba jiran amsa.

Kashi biyu. An riƙe mini idon sawu. Hannun ƙanƙara.

Na mayar da wayar saba da ta akwatin ƙofa. Na yi bismillah da abin da ya rage na muryata, na danna maɓalli.

Ƙas.

Ban ɗauki laftof ba, ban ɗauki takalmi ɗaya ba. Na fita ta ƙofar baya. Malam Lado yana tsugune a bakin get yana alwalar magariba. Da ya gan ni butar ta faɗi daga hannunsa.

"Innalillahi. Yanzun nan kika hita da ƙafa. Na ce ga motarki, ba ki ko waigo ba. Kika yanki gona, kika yi Dutsin-Ma."

Yadda na tuƙa motar nan ban sani ba. Hanyar ta jiƙe, duhu na sauka, kowa ya san ba a son bin ta a irin wannan lokaci. Ban damu da kowa ba. Idona na kan gonaki, ina neman mace mai mayafi ruwan toka tana tafiya.

Na iso ana fitowa daga masallaci. Na bar motar a buɗe, na ratsa zaure a guje. Ina jin kukan Batula tun daga waje, ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

Dada tana tsaye a ƙofar ɗakinta. Ta goya Batula ta ɗaure da zani biyu, taɓarya a hannunta. Na miƙa hannu.

Ta ɗaga taɓaryar.

"Tsaya nan."

"Dada, ni ce..." Abin da ya fito bai fi iska ba. Muryar ta tafi a ɗakin can.

"Haka waccan ma ta ce. Ta zo da huskarki, da mayahinki. Ta tsaya inda kike tsaye ta miƙo hannu, wai ɗiyarta ce. Na ce in taki ce, koma zaure ki yi sallama ki shigo. Ta yi ta kallona. Ba ta iya ba." Hawaye na bin fuskar Dada, amma taɓaryar ba ta sauka ba. "Ke ma koma."

Uwar da ta haife ni. Na koma zaure da ƙafa ɗaya babu takalmi. Na buɗe baki, babu komai. Na haɗiye yawu mai ɗanɗanon jini. Na sake gwadawa, ina jin 'yata tana shiɗewa da kuka a bayan katanga. A karo na uku ya fito, a shaƙe, kamar kukan ƙofa.

"Assalamu alaikum."

Sai na ji taɓaryar ta faɗi ƙasa.

"Wa alaikumus salam. Shigo ki ba ta, ta sha wuya."

Bayan kwana uku na koma Kurfi da safe, Malam Lado ya cire ƙofar ɗakin daga jikin bango kafin in shiga. Na bi kwamfuta sittin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya na rubuta wa kowace lambarta da hannu. Abokan aikina har yau suna yi mini tsiya, wai injiniyar zamani mai aikin tsofaffi. Ina barinsu su yi dariyarsu.

Batula ta shekara uku yanzu. Dada ba ta taɓa sake ta da maganar ba. Amma ko shagon bakin layi na je sayen gishiri, idan na dawo sai in tarar ta jawo yarinyar jikinta, ta zuba wa zaure ido, tana jira ta ji ko zan iya.