Idan Aka Buga Sau Biyu, Sai a Saki

"Me kake nufi da kada na shiga jarrabawar?" Na wurga jakata kan benci, har robar ruwana ta gangara ƙasa.

Dogo bai ɗago ba. Yana zaune a bakin katifun atisaye na wurin koyon kare kai yana warware bandejin hannunsa.

"Umma ta gani, Ƙarama. Ranar da ta kawo min makulli ta leƙo ta taga, ta ga kin ɗaga ni kin maka da ƙasa."

"To ba aikin ke nan ba? Kai fa ka koya min!"

"Ta rantse... Ta ce in kika karɓi takardar koyarwar nan, ba za ki taka mata gida da sunan suruka ba. Wai ba za a riƙa nuna ɗanta ana cewa ga wanda matarsa ke kayarwa ba."

Raina ya ɓaci, amma tausayinsa ya fi yawa. Shi kaɗai gare ta tun rasuwar babansa, na kuma san ba zai iya saɓa mata ba. An riga an sa mana rana, har labulayen ɗaki na zaɓa.

"Yaya fa?" na ce. "Ka manta da Yaya?"

Ina zai manta! Tun ranar da ɓarayin waya suka biyo yayata ta baya suka shaƙe ta a hanyar dawowa daga aiki, ba ta ƙara leƙa waje ba. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai jikinta ya ɗauki rawa. Magana ɗaya ta taɓa yi min: "Babu namijin da zai riƙe min wuya, ko da sunan koyarwa ne. In ke ce za ki koya min kare kai, zan fito." Wurin nan kuwa ba a barin kowa ya koyar sai da takarda.

"Kai ne abokin gwajina," na ce. "In ba ka zo ba, ba za su bar ni na hau katifa ba."

Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Ranar jarrabawa na tarar da shi ya riga ni zuwa, sanye da farin kayan atisaye, idanunsa jajur. Ko kallona bai yi ba.

Gwajin ƙarshe shi ne mai wuya. Abokin gwaji zai shaƙe ka ta baya, ka kayar da shi, ka murɗe masa hannu har sai ya buga katifa sau biyu. In ka saki kafin ya buga, ka faɗi. Da zarar ya buga kuma dole ka saki nan take. Wannan ce doka ta farko da ake koya wa kowa a wurin, tun kafin a koya masa tsayuwa.

Babban malami ya ɗaga hannu. Dogo ya shaƙe ni da gaske, bai raga min ba. Na sunkuya, na juya ƙugu, sai ga shi a ƙasa tim! Na kama hannunsa na murɗe.

Bai buga ba.

Na ƙara matsawa. Ina jin kafaɗarsa tana miƙewa a tafin hannuna, gumi na tsiyaya daga goshinsa. Nan na gane abin da yake yi. In ya buga na ci, in na ci ya rasa ni.

"Ka buga..." na raɗa masa. "Don girman Allah ka buga, masoyina, zan karya ka!"

"Karya ni ɗin," ya ce da ƙyar.

Wayyo ni! Hawayena suka ɗiga a kan rigarsa. Na tuna Yaya a ƙuryar ɗaki, labule a sake da rana tsaka. Ban saki ba. Allah ya sani ban saki ba.

Ya juyo da fuskarsa ya dube ni. Sannan ya ɗaga ɗaya hannun a hankali, ya buga katifa sau biyu.

Aka tafa, aka miƙo min takarda, ni ko ganinta ba na yi sosai.

A bakin matakala ya tare ni, kafaɗarsa a naɗe. Ya kama wuyan hannuna da lafiyayyen hannun.

"Ki ɓoye ta a akwati, Ƙarama. Kada ki koyar da kowa. Sai na ce wa Umma kin faɗi... Ki taimake ni, ba zan iya rayuwa babu ke ba."

"Yaya ta ce na sayo mata kayan atisaye," na ce. "Jiya har bakin ƙofa ta zo."

Ya ƙara damƙe ni. Bakina ya kasa furta sauran, ina son mutumin nan kamar raina. Sai na ɗora yatsuna a bayan hannunsa, na buga sau biyu.

Nan take ya saki. Hannunsa ne ya saki tun kafin ya yi tunani, haka aka horar da shi, haka ya horar da ni.

Na sauka matakalar ina kuka, ina jira na ji ya biyo ni. Wallahi da ya karya dokar nan ko sau ɗaya a rayuwarsa, da na yafe masa. Bai karya ba.