Taho, Kaka, Taho

Tun gawar tana gadon asibiti unguwa ta gama yanke hukunci: tifa ce ta take yarinyar a ƙofar makaranta. Mai shago ya faɗa, mai wanki ya faɗa, iyaye mata suka faɗa suna share hawaye da bakin mayafi. Ai daman an san halin direbobin tifa. Matasa suka jawo direban daga motarsa suka fasa masa baki, da ba don motar sintiri ta iso ba da gawa biyu za a kwasa.

Sufeto ta daɗe a aikin ɗan sanda, har furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin hularta. Abin da shekarun suka koya mata shi ne, maganar da kowa ya yarda da ita tun rana ba ta take ba, ita ce ta fi buƙatar a ɗaga a leƙa ƙarƙashinta.

"Ranki ya daɗe, wannan ai a fili yake," in ji Saje, abokin aikinta, yana ajiye fayil a gabanta. "'Yar aji biyu ce, Tsigi ake ce mata saboda ƙanƙanta da surutu. Kakanta ne ya kai ta makaranta, Ciyaman ɗin kwamitin layin. Ya ce ya sauke ta, har ya kai bakin titi sai ya ji ihu, ya dawo ya same ta kwance. Shi ya kai ta asibiti a motarsa. Shaidu kuwa sun fi a ƙirga."

"Cikinsu wa ya gani?"

"Duk sun ji."

"Masu kunne ka tara min ke nan, Saje. Tashi mu je neman mai ido."

Layin makarantar siriri ne, gidaje dama da hagu, lambatu a buɗe ta kowane gefe. Makarantar tana can ƙarshe, kuma dab da ƙofarta an gicciye hanya da wani ƙaton ƙarfe mai fenti ja da fari, an ɗaure shi da kwaɗo.

"Wannan fa?"

"Aikin Ciyaman ne," in ji Saje cikin girmamawa. "Da can motoci kan yanke ta nan a guje don kauce wa cunkoson babban titi. Shi ya yi ta zarya ofis-ofis har aka toshe. Kowa na sa masa albarka."

Lokacin tashin yara ne, sai Sufeto ta tsaya ta zuba ido. Duk motar da ta shigo ɗaukar yaro ba ta da wurin juyawa, dole ta koma da baya har bakin titi, yara kuma na ratsawa tsakanin tayoyi kamar 'yan tsaki, kawunansu ba su ko kai gilashin baya ba.

A ƙasa ta ga wani siririn layi na yashi, irin wanda ke tsiyaya daga bayan tifa idan an ɗebo shi da jiƙa. Ta bi shi da ƙafa daga bakin titi. Ya ƙare a gaban wani gida da ake gini, inda aka juye tulin yashin. Daga nan zuwa ƙofar makaranta sai an ɗaga murya kafin a ji kira.

A caji ofis aka fito da direban daga bayan kanta. Leɓensa ya kumbura, ido ɗaya a rufe.

"Ka shiga layin makaranta da safe?"

"Wallahi, Hajiya, ban shiga ba. A bakin titi suka tare ni."

"To, yashinka ya shiga ba tare da kai ba. Na gan shi zaune a ƙofar gidan gini yana jiranka."

Ya sunkuyar da kai. "An hana mu shiga da safe, na sani. Na ga an riga an kaɗa ƙararrawa, layi ya yi tsit, na ce bari in juye in fita. Ina ja da baya ke nan sai na ga mutane sun nufo ni da duwatsu. Ni ko yarinyar ban gani ba. Ina da kamarta biyu a gida. Idan aka ɗora min wannan, wa zai gaya musu ba ni ba ne?"

"Ƙarya ɗaya ka yi min. Kada ka ƙara ta biyu."

Likitan da ya karɓi yarinyar bai ja magana ba. Ya nuna ƙugunsa da tafin hannu.

"Nan aka buge ta, daga gefe, ta faɗi kanta ya bugi bakin lambatu. Shi ya kashe ta."

"Tifa za ta yi haka?"

"Bambar tifa ta fi kan yarinyar nan tsawo. Tayar tifa kuwa, da ita ce, da ban bari uwarta ta buɗe zanen ba. Abin da ya buge ta gajere ne, kuma ba gudu yake yi ba."

A hanyar fita Saje ya yi ta sosa ƙeya. "Watakila babur ne."

"Watakila."

Washegari da safe suka sami maigadin makarantar a kan bencinsa. Yana hango kaki ya miƙe, ya fara magana tun ba a tambaye shi ba.

"Da idona na gani! Tifar ta shigo a guje kamar an koro ta..."

"Wane launi ne kan motar, Baba?"

"Shuɗi."

"Rawaya ne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Zauna ka gaya min inda kake a lokacin."

Tsohon ya zauna a hankali. Ya ce yana daga ciki, ya ba ƙofa baya, yana jera 'yan makara. Tsigi ma a makare ta zo, har ta shiga layi, sai ta dafe kai ta ce, "Baba maigadi, kular abincina!" Kafin ya juya ta sulale ta ƙarƙashin hannunsa ta fita.

"Da na riƙe ta," ya ce. "Tsoro nake a ce sakacina ne a kore ni, shi ya sa na bi abin da ake faɗa."

"Da ka fito me ka gani?"

"Ciyaman a durƙushe, ya rungume ta. Mutane suka firfito daga gidaje, wani ya ce me ya buge ta? Ciyaman ya ce tifa."

"Kafin shi akwai wanda ka ji ya ambaci tifa?"

Maigadi ya girgiza kai.

Gidan Ciyaman cike yake da masu ta'aziyya. Sufeto ta cire takalmi ta shiga ɗakin uwar yarinyar, 'yar Ciyaman ta cikinsa, wadda ke zaune a gidan tun da aiki ya kai mijinta nesa. Tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, kayan makarantar da ta goge don washegari suna nan a rataye jikin ƙofa.

"Allah ya ba ki haƙuri, 'yar nan. Allah ya sa mai ceto ce."

"Amin, Mama." Idonta ya bushe, kuka ya ƙare mata. "Ni Baba nake ji. Tun jiya ko ruwa bai sha ba. Kin san ita ce idonsa. Wuyansa ba ya juyawa tun da ciwon nan ya kama shi, to kullum da safe ita ke tsayawa a bakin gareji tana ɗaga hannu: taho, Kaka, taho, ya isa! Shi kuma ya ce wannan mata tawa ta fi 'yan sandan hanya iko. Ita ta ce wa zai auri tsoho mai wuyan katako?"

Ta yi wata 'yar guntuwar dariya.

A kan teburin gefen gado akwai 'yar kular abinci mai hoton fure. Sufeto ta ɗauka. Da nauyinta, ba a ko buɗe ba, kuma babu ƙwarzane ko ɗaya a jikinta.

"Wannan a ina aka samo ta?"

"A kujerar baya ta manta ta. Baba ne ya miƙo min da hannunsa da suka dawo daga maƙabarta."

Sufeto ta ajiye kular a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Motar tana cikin gareji, tsohuwa ce amma an kula da ita. Kujerar baya duk jini ya bushe, wannan kowa ya san dalilinsa. Bambar baya ce kaɗai aka wanke tas, sauran jikin yana nan da ƙurarsa. Sufeto ta ja ƙofar baya ta ɓangaren da ke kallon makaranta idan an tsaya. Ta ƙi buɗewa. Saje ya gwada da ƙarfinsa, ko motsi.

"Ta daɗe da lalacewa."

Muryar daga bakin gareji ta fito. Ciyaman ne, dogon dattijo mai farin gemu, an ce masa 'yan sanda na duba motarsa. Saje ya gaishe shi daga gefe, sai ya juyo gaba ɗayan jikinsa, kafaɗa da ƙafa, kafin ya iya kallonsa.

"Allah ya ba da haƙuri, Ciyaman," in ji Sufeto. "In ƙofar nan ba ta buɗewa, ta ina yarinyar ke shiga?"

"Ta ɗaya ɓangaren."

"Ta gaba take zagayawa ko ta baya?"

Ciyaman ya zuba wa motar ido, Sufeto ta ci gaba.

"Ka ce ka kai bakin titi kafin ka ji ihu. Da nisan nan ta hango motar, da ba za ta fito ba, yaro ma ya san abin da ƙafarsa za ta cimma. Ta fito ne don ta gan ka a ƙofa."

"Na gaya wa yaronki abin da na sani."

"Yarona ya rubuta abin da ka gaya masa. Akwai mutum a bayan kanta da fasasshen baki, yana da 'ya'ya mata biyu. Gobe za a kai shi kotu da sunan ya kashe jikarka. In ka ce haka ne, sai in tafi."

Dattijon ya dafa bayan motar. Hannunsa ya sauka daidai inda aka wanke, sai ya janye shi kamar ya taɓa wuta. Saje ya kama shi ya zaunar da shi a kan wata tsohuwar taya.

"Na ga ta shiga," ya ce. "Da idona na ga ta shiga ƙofa. Na duba madubin nan, na duba wancan, babu kowa. Na sa giyar baya. Ko taku uku ban yi ba. Na ɗauka dutse ne. Har tsaki na yi."

Daga cikin gida ana jin masu ta'aziyya suna shafa addu'a.

"Da aka tambaye ni, na ɗaga kai, tifar idona ya fara sauka a kai, tana fita da baya. Kalma ɗaya na faɗa. Kafin in dawo daga asibiti ta cika gari, mutane na riƙe hannuna suna cewa ai kai ka yi iya ƙoƙarinka, kai ka kafa mana shinge. Likita ya hana ni tuƙi tun bara. Na ce layi ɗaya ne, kuma ina da mai duba min." Ya rufe fuska da hannu biyu. "Ta yaya zan kalli uwarta?"

"Wannan ba ya cikin aikina, Ciyaman. Amma gara ta ji daga bakinka da ta ji a bakin mai shago."

Ciyaman ya miƙe, ya gyara hularsa, ya shiga cikin gida. Sufeto ta tsaya a tsakar gida ta ba ɗakin baya. Ba a ji ihu ba. Abin da aka ji kawai shi ne muryar 'yar tana cewa "Baba?" sau ɗaya, kamar mai tambayar wanda ya shigo cikin duhu, sai ƙarar kula ta faɗo ƙasa, murfinta ya yi ta gangarawa har ya tsaya.

Da ya fito, Saje ya laluba ankwa a ƙugunsa. Sufeto ta girgiza masa kai. Suka ratsa masu zaman makoki, wasu na miƙewa don girmama dattijon, suna zaton shaida zai je bayarwa. A bakin motar 'yan sanda ya tsaya, ya juyo gaba ɗayan jikinsa ya kalli gidan. Labulen ɗakin 'yarsa a sake yake.

Kafin la'asar aka saki direban. Ya tsaya a ƙofar caji ofis yana ƙifta idonsa mai lafiya, ya tambayi Sufeto ko wa ya yi. Ta gaya masa. Sai ya ce, "Allah ya jiƙanta," ya tafi neman motarsa.

A bakin layin makaranta mai shago ya tare Sufeto. "Ranki ya daɗe, da gaske ne an saki mai tifa?"

"Da gaske ne. Tifa ba ta taɓa yarinyar ba. Ta koma ɗauko kular abincinta ne, motar kakanta ta buge ta tana ja da baya, a gaban shingen."